Tsohuwar da ke Lashe Ɗigon Jini

Yaya Zuwaira, 'yar Baffanmu, ita ta ba mu wannan labarin a tsakar gidan Hajiya Kaka bayan sallar isha'i. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a asibiti, cikin masu auna jini da fitsari. Sai da ta ga kowa ya gama da tuwonsa an kwashe kwanuka, sannan ta ce mu matso, don ba za ta ɗaga murya ba. Ga yadda ta faɗa mana.

Ina da ƙawa, sunanta Shafa'atu. Tare muka yi makarantar koyon aikin lafiya, ɗakinmu ɗaya. Da muka gama ta samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa, can bayan gari a hanyar Funtuwa. Ba zan faɗi sunansa ba.

Shafa'atu mace ce mai ƙyanƙyami. In kika sha ruwa a kofinta, sai ta wanke shi da sabulu tana harararki. Mun sha yi mata tsiya, mu ce me ya kai irinta aikin kashin mutane da kakinsu. Sai ta ce ilimin take so, ƙazantar kuwa haƙuri take yi da ita.

Haƙurin kuwa ta yi shi. A lokacin, in za a auna mutum sai an cika sirinji da jininsa. A ɗebi kaɗan a yi aiki, sauran ya zauna a kwalba. Fitsari haka. Kaki haka. Mugunyar ƙurji haka. Kafin la'asar duk an tara su a wani jan bokiti mai murfi. In aka buɗe murfin nan, wanda ke bakin ƙofa ma sai ya tofar da yawu.

A bayan asibitin akwai rami, gaba da ɗakin janareto. An rufe shi da faifan siminti mai 'yar kafa a tsakiya. Nan ake juye bokitin, har da abin da ya fito daga ɗakin tiyata. Shekara da shekaru ana yi. Ƙasar wurin baƙa ce, kuma ko da bazara a jiƙe take. Tumfafiyar da ta fito a gefen ta yi ƙiba, ganyenta kamar faifai. Ga wasu manyan ƙudaje masu kore-kore, in suka tashi sai ki ji kamar babur ne ya wuce.

Ana nan sai wasu masu bincike daga jami'a suka kawo wa asibitin sabuwar na'ura. Ba ta fi kwalin takalmi girma ba. Ana zura mata wani faranti na gilashi, kamar katin zaɓe. A jikin farantin akwai 'yan gidaje a jere irin na dara, sai dai ƙanana ƙwarai, kuma ƙarƙashin kowane gida akwai wutar lantarki. Ɗigo ɗaya na jini ake sawa, bai fi ƙwayar gero ba. Sai ki rubuta wa kwamfuta hanyar da kike so ya bi. In wutar gidan gaba ta kama, ɗigon ya matsa can. Ta gaba ta kama, ya sake matsawa. Haka zai yi ta tafiya shi kaɗai kamar tururuwa. In an ce ya rabu biyu ya rabu. Ya je ya tarar da ɗigon sinadari su gauraya, ya ɗan dakata, ya wuce ƙarƙashin idon na'urar ta karanta sakamako. Akwai kyamara a ciki, tana nuna komai a allon kwamfuta. Ɗigon nan sai ki gan shi ya yi girman lemo.

Shafa'atu aka koya wa sarrafa ta. Ta kira ni a waya tana murna kamar an yi mata albishir da aikin hajji. Ta ce yanzu yatsa kawai ake tsagawa, a ɗiga, a rufe, ita tana zaune na'ura na aiki. Ta shirya mata hanyar gwajin zazzaɓin sauro, ta shawara, ta rukunin jini, kowanne da sunansa, dannawa kawai take yi. In an gama, farantin a like yake. A jefa shi a kwali mai ruwan ɗorawa, a kai tanderun ƙona shara.

Jan bokitin nan aka wanke shi, masu shara suka mayar da shi na goge ƙasa. Ramin ya fara bushewa. Tumfafiyar ta yi yaushi. Ƙudajen suka ɓace.

Bayan wasu watanni sai ta fara lura da wani abu. Ɗigo zai tashi daga gidan farko da girmansa, kafin ya isa wurin sinadari ya rame. Wani lokaci rabinsa ne ke isa. Na'urar sai ta ce jinin bai isa ba, a sake. Ta gaya wa shugaban ɗakin gwajin, Oga Tanimu. Ya ce zafi ne ke busar da shi. Suka kira injiniyan da ya kawo na'urar, ya ce ba zai yiwu ba, ɗigon a cikin wani siririn mai yake tafiya, iska ma ba ta taɓa shi. Ya aiko da sababbin farantai. Abin bai daina ba.

Sai kuma kwalin shara. Da safe takan tarar an ɓare farantan jiya ɗaya bayan ɗaya, an jera su a ƙasa. Tas suke, babu alamar jini. Amma in ta ɗaga da safar hannu, sai wani abu mai yauƙi ya biyo, ya yi zare kamar miyar kuɓewa. Ga wani ƙarni, irin na kwatar mahauta in rana ta buga ta. Oga Tanimu ya ce ɓeraye ne, ya sa aka zuba magani. Ita dai ta san ɓera ba ya jera abu a layi.

Daga nan ta ce ba za ta ƙara barin kwalin ya kwana a ɗakin ba.

Ranar wata Juma'a ce, da tsakar rana. Maza duk sun tafi masallaci, har mai ƙona sharar, in ban da likitan da ke aiki. Asibitin ya yi tsit, sai kukan fanka. Kwalin ya cika. Ta sa safar hannu, ta ɗauka, ta fita ta ƙofar baya ita kaɗai. Hanyar tanderun siririya ce, tsakanin katanga da ɗakin janareto, kuma dole sai ta gefen ramin.

Rana ta take, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Tun kafin ta sha kwana ta ji ƙarnin nan.

Wata tsohuwa ce zaune a kan faifan simintin. Ta rame ƙwarai, fatar wuyanta ta zazzago kamar an rataye tsumma. Zaninta ba shi da launi, sai tabo a kan tabo. Ƙudaje sun rufe mata kafaɗu, manyan nan masu kore-kore. Amma ko ɗaya ba ya kuka. Suna dai zaune, suna goge hannuwansu.

Shafa'atu ta zaci 'yar jinya ce ta ɓata hanya. Ta toshe hanci da gefen hijabinta ta gaishe ta.

"Sannu, Iya. Ba a zama a nan, wurin ba shi da kyau."

"Na fi ki sanin wurin, 'yar nan."

Muryar ba daga baki take fitowa ba. Daga can ƙasan maƙogwaro take, tana ɓulɓul, kamar ruwan wanke-wanke in yana sauka a toshasshen bututu.

"Ke ce mai akwatin," in ji tsohuwar.

"Wane akwati, Iya?"

"Mai ɗigo-ɗigo."

 Tsohuwar ta ci gaba, a hankali, ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce su suna wurin tun ba a ɗora bulo ko ɗaya ba. Da aka fara zuba musu bokiti sai suka samu sauƙi, suka yi ƙiba, suka hayayyafa, har dangi suka taso daga nesa suka zauna da su. Yanzu rami ya bushe. Ƙananansu kuka suke yi. Ta ce abin da take samu a farantan nan ko harshe ba ya jiƙawa.

Sai ta fara lissafa abin da ta yi kewa. Ta ce jinin mai shawara yana da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na mai ciwon suga kamar an jiƙa dabino. Kakin mai tarin fuka kuwa, in ya kwana biyu a rami ya yi kauri, ba abin da ya kai shi. Tana faɗa yawu yana zubo mata ta gefen baki, yana sauka a zani. Ta sa harshe ta janyo shi.

 Shafa'atu ta sunkuyar da kai don kada ta yi amai a gaban babba. A nan idonta ya sauka a kan ƙafafun.

Farare ne fat, sun yi laushi sun tattare, kamar na wanda ya kwana a cikin ruwa. Babu farce ko ɗaya. Yatsun dogaye, kuma kowanne motsinsa yake yi shi kaɗai. Suna lalube a kan simintin, suna shiga kafar ramin suna fitowa, kamar tsutsa a ruɓaɓɓen nama.

"Ki dawo mana da bokitin," in ji tsohuwar.

Kwalin ya suɓuce daga hannun Shafa'atu. Ta juya. Ta kwasa da gudu. Da ta kai kwanar ɗakin janareto ta waiga sau ɗaya. Tsohuwar ta durƙusa a kan kwalin, tana ɓare farantan da haƙori. Harshenta toka-toka ne, mai faɗi, ya sauko har ƙirji.

Shafa'atu ta shiga ɗakin gwaji ta rufe ƙofa, ta tsaya a wurin wanke hannu ta amayar da duk abin da ta ci. Niyyarta ta ɗauki jakarta ta bar asibitin, ko sallama ba za ta yi ba.

Ta sa hannu a jakar ke nan aka buga ƙofa. Sista Larai ce, ungozomar da ke aiki ranar, rigarta duk jini. Ta ce wata mata ta haihu yanzu, jini ya ɓalle mata, ya ƙi tsayawa. Likita yana kanta. Ana neman ƙarin jini maza-maza. Ta miƙa wa Shafa'atu sirinji da ɗan jinin da bai fi ɗigo uku ba, ta ce da ƙyar ta samu wannan, jijiyoyin matar duk sun kwanta. Ta juya da gudu, don ita kaɗai ce mai taimaka wa likitan.

Ledar jini biyu ce ta rage a firij. Ku kuma ku sani, ba a ɗaura wa mutum jini haka kawai. Sai an haɗa nasa da na ledar an ga ko za su zauna lafiya. In aka ɗaura wanda bai dace ba, dunƙulewa zai yi a jijiya, ya kashe mutum tun kafin ciwon ya kashe shi. Ruwan gwajin hannu na da kuwa, tun zuwan na'urar asibitin ya daina saye. Ragowar kwalaben sun lalace an zubar. Na'urar ce kaɗai.

Shafa'atu ta ajiye jakar. Ta zura faranti, ta ɗiga jinin mai jegon, ta ɗiga na leda ta farko da na ta biyu, kowanne a gidansa. Ta danna. 

A allon kwamfuta ɗigon matar ya taso, ja, ya matsa gida ɗaya. Ya matsa na biyu. Sai wani abu ya shigo ta gefen hoton. Toka-toka, mai ƙuraje-ƙuraje, da wata farar dauɗa a kansa kamar ta harshen mai zazzaɓi. Kyamarar ta ƙara masa girma, har tana ganin 'yan zaruruwan yawu a tsakanin ƙurajen. Ya shimfiɗu a kan ɗigon. Ya janye. Gidan ya zama wayam.

Shafa'atu ta dubi na'urar. A rufe take ruf, ko allura ba za ta shiga ba.

Sai ta ji an haɗiye abu a bayanta.

Tsohuwar tana tsugune a ƙarƙashin wurin wanke hannu, ta naɗe jikinta a jikin bututun. Bakinta a rufe. Maƙogwaronta ne kawai ya yi sama ya dawo.

Tsohuwar ta ce jinin mai jego ne, ta gane shi. Ta ce rabonta da shi tun damina.

Shafa'atu ta ja ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ta kira Sista Larai, muryarta ba ta wuce ɗakin ba. Sai ta fara karanta Ayatul Kursiyyu. Tsohuwar ta ƙanƙance, ta ƙara matsewa a bayan bututun, ƙudajen suka rufe mata fuska. Ganin haka Shafa'atu ta yi sauri ta zura sabon faranti, ta sake ɗigawa, tana karatu da ƙarfi. Ɗigon ya tashi. Ya rabu biyu kamar yadda aka umarce shi, rabi ya nufi jinin leda ta farko, rabi ya nufi na ta biyu.

A tsakiyar ayar harshenta ya sarƙe. Ayar da ta haddace tun tana 'yar Islamiyya. Ta koma farko, ta zo daidai wurin, ta sake tsayawa. Tsoro ya share mata ita. Shirun bai fi na numfashi ɗaya ba. Da ta dubi allon, duka rabin biyu babu su, sai wani yauƙi da ya bari a kan gidajen.

Ta ɗaga sirinjin a haske. Abin da ya rage ɗigo ɗaya ne, a can bakin.

Daga nesa tana jin Sista Larai tana kiran sunan matar, tana cewa ta buɗe ido. Tana jin kukan jaririn ma, siriri.

Shafa'atu, wadda ba ta shan ruwa a kofin wani, ta cire safar hannunta ta hagu. Ta ɗauki allurar tsaga yatsa ta soka a babban yatsanta, ta zurfafa. Ta matsa har jini ya gangaro. Ta miƙa hannun can nesa da na'urar, ta kau da kai.

"Zo ki sha wannan. Ki bar mini wancan."

Ba ta ji takun ƙafa ba. Sai wani sautin jan abu mai danshi a kan tayil. Sannan sanyi ya kama mata yatsa.

Shafa'atu ta gaya mini cewa ba zafi ne ya dame ta ba. Da zafi ne da ta fi so. Harshen sanyi gare shi kamar hantar da aka ciro daga firij, ga kaushi kamar na kyanwa. Ya naɗe yatsan, ya zarce ya naɗe tafin hannun, yana shiga tsakanin yatsu. Leɓunan ba su da ƙarfi, lakaf suke, suna tsotsa da 'yar ƙara irin ta jariri a nono. Yawun yana gangarowa ta gwiwar hannunta, yana shiga hannun riga. Ƙudajen suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka jeru a damtsenta. Su kuma yatsun ƙafar nan suka sami ƙafarta, suna lalubar saman takalminta, suna neman hanyar shiga.

Da hannun dama ta zura faranti na ƙarshe. Ta ɗiga. Ta danna. Ta kafe idonta a allon, ta ƙi duban hagunta.

Ɗigon ya tashi. Gida ɗaya, gida biyu. Ba ta taɓa ganin tafiyarsa da nawa irin ta ranar ba. Na'ura ba ta san sauri ba, yadda aka rubuta mata haka take bi. Ya rabu biyu. Kowane rabi ya tarar da nasa, suka gauraya, suka yi gaba suka yi baya, suka tsaya jira. Amai ya taso mata, ta haɗiye shi, don tana tsoron in ya zubo tsohuwar za ta sake ta ta koma kansa, daga nan kuma ta tuna da farantin. Kanta ya fara juyawa. Hannun ya mutu har kafaɗa.

Na'urar ta yi ƙara. Na leda ta farko ya dunƙule, ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Na ta biyu ya zauna sumul.

Ta fizge hannunta. Ya fito da wata ƙara, kamar an zare ƙafa daga taɓo.

Tsohuwar ta zauna a kan dugaduganta tana lashe leɓe. Kumatunta sun ɗan ciko. Ta dubi Shafa'atu ido cikin ido a karon farko. Idanun ba su da baƙi, ruwan ɗorawa ne gaba ɗaya.

"Ban taɓa samun mai ɗumi ba," in ji ta. "Kullum sai ya huce ake kawo mana. Ke kin ba ni da hannunki. Zan ba ki abin da nake da shi."

Kafin Shafa'atu ta ja baya, tsohuwar ta lakato yawu da yatsa ta shafa mata a ƙarƙashin hanci. Sannan ta juya, ta sa kai a bakin magudanar ruwan da ke ƙasan ɗakin, wadda ko hannun yaro ba zai shiga ba. Ta naɗe kamar jiƙaƙƙen tsumma ta zurara ciki. Ƙafafun ne suka shige a ƙarshe.

Ƙofa ta buɗe da taɓawa ɗaya. Shafa'atu ta kai leda ta biyu ɗakin haihuwa da kanta, tana bin bango. Aka ɗaura. Matar ta rayu. Har yau ba ta san abin da aka yi a kanta ba.

Shafa'atu ta koma ta wanke hannun da sabulu, ta wanke da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta zuba masa bilic har fata ta saɓule. Ta goge ƙarƙashin hancinta har ya yi jini. Hijabin da rigar da takalmin duk ta sa aka ƙone.

Da yamma Sista Larai ta zo yi mata sannu, ta rungume ta. Shafa'atu ta ture ta ba shiri. Wani wari ta ji yana fitowa daga jikin matar, zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da ya ruɓe a cikin leda. Har ɗanɗanonsa ta ji a harshe. Ba ta san lokacin da ta ce mata ta je ta auna suga ba. Aka auna. Ya hau sosai, ita kuma ba ta taɓa sani ba.

Kyautar ke nan.

Daga ranar duk wanda ya matso kusa da ita sai ta ji abin da ke cikin jininsa. A motar haya tana jin mai tsutsar ciki, tana jin mai gyambon da ya ɓoye a ƙarƙashin wando. A sahun salla tana jin wadda ƙodarta ta fara lalacewa, warin kamar bayan gidan tasha. A gidan biki ta kan fita waje ta yi amai, mutane su zaci ciki ne da ita. Nama ya fita daga ranta, don tana jin ciwon da dabbar ta yi kafin a yanka ta. Abin da ya fi tayar mata da hankali, ta ce, wani lokaci in ta ji warin, kafin ƙyamar ta zo, sai ta ji yawunta ya tsinke.

Iyayenta sun kai ta wurin malamai, an yi mata ruƙiyya. Ta tambayi wani malami hukuncin jinin da ta bayar, tana kuka. Ya ce ba bauta ta yi ba, rai ta ceta a cikin tilas, ta yawaita istigfari ta riƙe azkar. Tsoron ya ragu, barci ya dawo. Hancin dai bai koma yadda yake ba.

Ta gaya wa Oga Tanimu komai. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Washegari dai ya sa aka kawo yashi da siminti aka cike ramin, aka toshe magudanar ɗakin gwajin. Ya roƙe ta ta zauna, ya ce ba wanda ya iya shirya na'urar kamarta. Ta koya wa wata, ta ajiye aikin. Ta ce ba za ta iya shaƙar asibiti ba.

Na je ganinta bara. Ɗakinta a can ƙarshen gida yake, hayaƙin turaren wuta ya cika shi har ido na yaji. Ta rame. Na nufe ta zan rungume ta, ta ɗaga hannu ta ce in zauna a bakin ƙofa. Muka yi hira daga nesa, gyalenta a kan hanci. Can ta sauke gyalen kaɗan, ta mayar da sauri.

"Zuwaira, yaushe rabonki da auna hantarki?"

Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce in je dai. Na je. Ciwon hanta ne, ya fara kamawa ban sani ba. Likita ya ce da na ƙara shekara da labarin ya canza. Maganin da kuke gani ina sha da safe, nasa ne.

Da zan tafi na ga babban yatsanta na hagu a naɗe da bandeji. Na tambaye ta ko ta yanke ne. Ta ce a'a, wurin allurar nan ne, har yau bai rufe ba. Kullum yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Ta ce takan naɗe shi da kyau kafin ta kwanta. In gari ya waye sai ta tarar da bandejin a warware, an ninke shi a gefen matashi, yatsan kuma tas, da ɗan danshi.

Na'urorin nan yanzu sai ƙara yawa suke yi. Alheri ne, ni ma da irinta nake aiki, kuma ba na fatan jan bokiti ya dawo. Amma duk asibitin da ta shiga, akwai ramin da ke bushewa a bayansa, da waɗanda suka saba ci a wurin.

Don haka in an aike ku dubiya, ku shiga ta ƙofar gaba ku fita ta ƙofar gaba. Kada wanda ya zagaya ta bayan asibiti shi kaɗai wai yana yanke hanya, balle da tsakar rana. In kuma akwai yanka a jikinku, ko ƙurjin da ya fashe, ko ɗan ƙaiƙayin da kuka sosa ya yi jini, ku rufe shi tun daga gida.